Taron Ƙasa da Ƙasa kan Cutar Ƙanjamau

Taron Ƙasa da Ƙasa kan Cutar Ƙanjamau shi ne taro mafi girma a duniya da ake yi a kan ƙwayar cutar HIV da ciwon da take haddasawa, wato ƙanjamau, wanda ake kira AIDS a Najeriya da Ghana, SIDA kuma a Nijar da sauran ƙasashe rainon Faransa. An fara taron a shekarar 1985 a birnin Atlanta na ƙasar Amurka. Har zuwa 1994 duk shekara ake yin sa, daga nan aka mayar da shi shekara bibbiyu. Ƙungiyar masana cutar ta duniya, IAS, wadda aka kafa a 1988 kuma take da hedikwata a birnin Geneva, ita ce ke shirya shi.

Taron ya bambanta da sauran tarukan likitanci, domin ba masana kaɗai ke zama a cikinsa ba. Masu ɗauke da ƙwayar cutar, masu fafutuka, shugabannin ƙasashe, kamfanonin magunguna da 'yan jarida duk suna halarta. Saboda haka tarihinsa ya ƙunshi abubuwa biyu: sanar da sabon abin da bincike ya gano, da kuma jayayya kan wanda zai samu maganin da wanda zai rasa.

Asali

A ranar 5 ga Yuni 1981 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta wallafa rahoton wasu samari biyar a Los Angeles da suka kamu da wani ciwon huhu da ba kasafai yake kama mai ƙarfin garkuwar jiki ba. A 1983 masu bincike na Cibiyar Pasteur da ke Paris, Françoise Barré-Sinoussi da Luc Montagnier, suka gano ƙwayar cutar. A 1986 aka tsayar da sunan HIV.

Taron farko an yi shi ne a watan Afrilu 1985, bisa haɗin gwiwar ma'aikatar lafiya ta Amurka da Hukumar Lafiya ta Duniya da Jami'ar Emory. Kimanin mutum 2,000 suka halarta. A lokacin babu magani ko ɗaya, gwajin jini ma bai daɗe da fitowa ba, don haka yawancin tattaunawar ta tsaya ne kan hanyoyin yaɗuwar cutar da tsaftace jinin da ake ƙara wa marasa lafiya. Maganin farko, AZT, sai a 1987 aka amince da shi.

Tsarin taron

Kafin kowane taro masu bincike kan aika taƙaitaccen bayanin aikinsu, wasu masana su tantance. Abin da aka karɓa ana gabatar da shi ko da baki a zaure, ko a rubuce a manna a allo. An kasa ayyukan gida-gida: ilimin ƙwayar cutar kanta, kula da marasa lafiya, yaɗuwa da rigakafi, zamantakewa da dokoki da haƙƙin ɗan Adam, sai kuma yadda ake gudanar da shirye-shiryen lafiya a ƙasashe. Tun daga taron Bangkok na 2004 ake ware wani fili da ake kira Ƙauyen Duniya, inda kowa ke shiga kyauta, ƙungiyoyin al'umma su baje kolin ayyukansu.

Shigowar masu fafutuka

A farkon lamari taron na likitoci ne zalla. Hakan ya sauya a Montreal a 1989, lokacin da ɗaruruwan masu fafutuka, ciki har da 'yan ƙungiyar ACT UP ta New York, suka kutsa zauren buɗe taro suka mamaye dandamali. Buƙatarsu ita ce a sa masu ɗauke da cutar cikin shawarar yadda ake gwajin magunguna, a kuma hanzarta sakin magungunan ga mutanen da ba su da lokacin jira. Tun daga nan ba a sake yin taron ba tare da su ba.

Har kalmomin da ake amfani da su sai da suka sauya. Tun a 1983 wasu marasa lafiya da suka haɗu a Denver suka fitar da takarda suna ƙin a riƙa kiran su da sunan da ke nuna an riga an gama da su. A hankali tarukan suka koma cewa "mutanen da ke rayuwa da HIV", suka kuma raba ɗaukar ƙwayar cutar da kwanciya ciwon ƙanjamau. Bambancin na da muhimmanci a Hausa, domin kalmar ƙanjamau ta fito ne daga ƙanjamewar jiki, alhali mai shan magani a kan kari yana iya shekaru da dama babu alamar rama a jikinsa.

Wata matsalar ita ce ta shiga ƙasa. A 1987 Amurka ta hana baƙi masu ɗauke da HIV shiga ƙasarta. Wannan ya sa ƙungiyoyi da yawa suka ƙaurace wa taron San Francisco na 1990, aka kuma ɗauke na 1992 daga Boston zuwa Amsterdam. Taron bai koma Amurka ba sai a 2012, bayan an ɗage haramcin a watan Janairu 2010.

Vancouver, 1996

Taron Berlin na 1993 ya zo cikin yanke ƙauna, domin wani babban gwaji da aka yi a Birtaniya da Faransa ya nuna cewa fara shan AZT shi kaɗai da wuri ba ya ƙara tsawon rai. Dalili kuwa shi ne ƙwayar HIV na hayayyafa da sauri tana sauya kama, sai ta saba da magani ɗaya cikin watanni.

A taron Vancouver na 1996 aka gabatar da mafita: haɗa magunguna uku a lokaci guda, waɗanda ke tare ƙwayar cutar a matakai daban-daban na hayayyafarta. Idan ta kuɓuce wa ɗaya, sauran biyun su riƙe ta. Binciken David Ho da wasu masana ya nuna cewa haɗin na rage yawan ƙwayar a jini har na'urar gwaji ta kasa ganin ta. Cikin shekaru kaɗan mace-mace suka ragu sosai a Turai da Amurka. Sai dai kuɗin maganin ya kai dala 10,000 ko fiye ga mutum ɗaya a shekara, abin da ya fi ƙarfin kusan kowa a Afirka kudu da Sahara, inda mafi yawan masu cutar suke.

Durban, 2000

Taro na 13 shi ne na farko da aka yi a nahiyar Afirka, a birnin Durban na Afirka ta Kudu, cikin watan Yuli 2000, da taken karya shirun da ake yi kan cutar. An yi shi ne a daidai lokacin da shugaban ƙasar, Thabo Mbeki, ke nuna shakku kan cewa HIV ce ke jawo ƙanjamau. Don mayar da martani, masana da likitoci sama da 5,000 suka sa hannu kan Sanarwar Durban, wadda mujallar Nature ta buga, suna tabbatar da cewa hujjojin kimiyya kan haka a bayyane suke.

A wajen buɗe taron wani yaro ɗan shekara 11, Nkosi Johnson, wanda aka haifa da ƙwayar cutar, ya roƙi gwamnati ta riƙa bai wa mata masu juna biyu AZT don kada su sa wa jariransu, ya kuma roƙi jama'a su daina ƙyamar masu cutar. Ya rasu a ranar 1 ga Yuni 2001. Dubban mutane sun yi zanga-zangar neman a rage farashin magani, Nelson Mandela kuma shi ya yi jawabin rufewa.

Abubuwa da dama sun biyo baya. A Fabrairu 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da haɗin magungunan uku kan dala 350 a shekara, wato ƙasa da dala ɗaya a rana. A Afrilu 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja suka yi alƙawarin ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗinsu ga lafiya, a nan ne kuma Kofi Annan ya yi kiran kafa asusu na musamman. An kafa Asusun Duniya na yaƙi da ƙanjamau da tarin fuka da zazzaɓin cizon sauro a 2002, Amurka kuma ta ƙaddamar da shirin PEPFAR a 2003 da dala biliyan 15. A Afirka ta Kudu kuwa an ci gaba da jan ƙafa. Wani bincike na Jami'ar Harvard da aka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa jinkirin raba magani tsakanin 2000 da 2005 ya jawo asarar rayuka sama da 330,000.

Rigakafi da tarukan baya-bayan nan

A Vienna a 2010 aka sanar da sakamakon gwajin CAPRISA 004, inda wani man shafawa mai ɗauke da tenofovir ya rage kamuwar mata da kashi 39 cikin ɗari. Taron Melbourne na 2014 ya buɗe cikin juyayi, domin shida daga cikin masu zuwa taron, ciki har da tsohon shugaban IAS Joep Lange, sun rasu a jirgin MH17 da aka harbo a gabashin Yukiren ranar 17 ga Yuli. A wannan taron hukumar UNAIDS ta gabatar da manufar 90-90-90: kashi 90 na masu cutar su san matsayinsu, kashi 90 na waɗanda suka sani su hau magani, kashi 90 na masu shan magani kuma ƙwayar ta kwanta a jininsu.

A Amsterdam a 2018 binciken PARTNER2 ya ƙara tabbatar da cewa wanda magani ya kwantar da ƙwayar cutarsa har gwaji bai ganin ta ba ya sa wa abokin zamansa ta hanyar jima'i. A Munich a 2024 Linda-Gail Bekker ta gabatar da gwajin PURPOSE 1 da aka yi a Afirka ta Kudu da Uganda: cikin 'yan mata da mata 2,134 da aka yi wa allurar lenacapavir, wadda ake yi sau biyu a shekara, babu ko ɗaya da ta kamu. Nan take tsohuwar gardamar ta dawo, domin a lokacin ana sayar da maganin sama da dala 40,000 a shekara a Amurka, masu fafutuka kuma suka nemi a ba wasu kamfanoni damar yin mai araha.

Jerin tarukan

1985 Atlanta, 1986 Paris, 1987 Washington, 1988 Stockholm, 1989 Montreal, 1990 San Francisco, 1991 Florence, 1992 Amsterdam, 1993 Berlin, 1994 Yokohama, 1996 Vancouver, 1998 Geneva, 2000 Durban, 2002 Barcelona, 2004 Bangkok, 2006 Toronto, 2008 birnin Meziko, 2010 Vienna, 2012 Washington, 2014 Melbourne, 2016 Durban, 2018 Amsterdam, 2020 ta intanet saboda annobar korona, 2022 Montreal, 2024 Munich.

Sauran taruka masu alaƙa

Tun 2001 IAS na shirya wani taron na kimiyya zalla a shekarun da babban taron ba ya zama. A na Rio de Janeiro a 2005 aka bayyana cewa kaciya na rage haɗarin kamuwar namiji daga mace da kusan kashi 60 cikin ɗari. A na Roma a 2011 gwajin HPTN 052 ya nuna cewa fara magani da wuri na rage yaɗa cutar tsakanin ma'aurata da kashi 96 cikin ɗari. Na 2025 an yi shi a Kigali.

Taron CROI kuwa, wanda aka fara a 1993, yawanci a Amurka ake yin sa duk shekara. A can ne a 2008 aka fara ba da labarin Timothy Ray Brown, mutum na farko da ya warke daga HIV bayan an yi masa dashen ɓargo a Berlin saboda sankarar jini. Afirka ma na da nata taron, ICASA, wanda ake yi da Ingilishi da Faransanci. Abuja ta karɓi baƙuncinsa a Disamba 2005, Dakar a 2008, Addis Ababa a 2011.

Suka

Babban ƙorafin da ake yi shi ne yawancin tarukan a ƙasashe masu arziki ake yin su, nesa da inda cutar ta fi ɓarna. Cikin taruka 25 na farko, biyu kacal aka yi a Afirka, dukansu a Durban. Kuɗin rajista da jirgi da masauki kan gagari ma'aikatan lafiya na ƙasashe matalauta, duk da tallafin da IAS ke bayarwa. A Montreal a 2022 mahalarta da dama daga Afirka da Asiya ba su samu biza ba, har aka yi zanga-zanga a wajen buɗe taron. Akwai kuma masu sukar rawar da kamfanonin magunguna ke takawa wajen ɗaukar nauyin taron, da yadda Ingilishi ya mamaye zaurukan.

Alƙaluman UNAIDS sun nuna cewa a 2023 mutum miliyan 39.9 ke rayuwa da HIV a duniya, miliyan 30.7 daga cikinsu na shan magani. A wannan shekarar mutum miliyan 1.3 suka kamu, kimanin 630,000 kuma suka rasu, idan aka kwatanta da kusan miliyan 2 a shekara a tsakiyar shekarun 2000. Sama da mutum miliyan 9 ne har lokacin ba su samu maganin da aka sanar a Vancouver tun 1996 ba.