Littafin Dillali da Rumbun da Ke Cikin Waya

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar albasa ta Aliero lokacin da albasar rani ta fito ya san littafin nan. Mai kaurin bango ne, gefensa ya yi baƙi da gumin hannu, ga biro maƙale a tsakiya. A cikinsa dillali ke zuba komai: manomin Maiyama ya kawo buhu kaza, an loda kaza a tirelar Legas, wane ya karɓi kafin alƙalami, wane kuma ya ce sai mota ta dawo daga Anaca zai biya. Da masanin kwamfuta zai buɗa shi, cewa zai yi rumbun bayanai ne, kuma bai yi kuskure ba. Layi-layi ne, kowane layi da suna da kwanan wata da adadi. Bambancinsa da na kwamfuta yana wajen tambaya. Ka ce wa dillali, “Nawa ake bin mutanen Anaca tun watan azumi?” sai ya lashi yatsa ya shiga juya shafi har la'asar. Rumbun kwamfuta kafin ka rufe baki ya ba ka amsa.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, dillalin nan yana yawo da irin wannan rumbu a aljihun rigarsa. Lambobin da ya adana a wayarsa ta Android, jerin waɗanda ya kira, har hirarrakinsa na WhatsApp, duk a cikin wata ƙaramar manhaja suke zaune mai suna SQLite. Wani Ba'amurke, Richard Hipp, ya rubuta ta a shekarar 2000, yana aikin manhajar wani jirgin ruwan yaƙi, yana neman rumbun da zai tsaya da ƙafarsa ba tare da jingina da wata babbar kwamfuta ba. Da ya gama sai ya sake ta ga jama'a, babu lasisin saya, babu kuɗin wata. Yau tana cikin kowace wayar Android da iPhone. Rumbun gaba ɗayansa fayil ɗaya ne tak, ba ya neman sabis, ba ya cin data. Wanda ya san hanyar ƙauyukan Maiyama da damina, inda sabis ke zuwa yana ɓacewa kamar kuɗin talaka, ya san darajar wannan.

Irin wannan manhaja ake kira buɗaɗɗiya, wato wadda aka bayyana rubutun da aka gina ta da shi, kowa ya karanta, ya kwafa, ya gyara, ya raba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Gwandu. Haka littattafan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo suka yaɗu: ɗalibi ya ari na malaminsa ya kwafe da hannu, ya ƙara bayani a gefen shafi, na bayansa ya zo ya ga inda alƙalami ya zame ya gyara. Manhajar da aka rufe kuwa ta fi kama da ɗorin da Aliero ta yi suna da shi, ilimin da ake gada a cikin gida. Za a ɗora maka ƙafa ka warke, ka yi godiya, amma sirrin yana wurin masu shi. Ba laifi ba ne a ɗori. A harkar bayanan kasuwancinka dai, ranar da mai sirrin ya ƙara farashi ko ya rufe shago, kai ne a rana.

Kuma yana faruwa. MySQL, manhajar rumbun bayanai da ɗaliban kwamfuta da yawa a Najeriya ke fara koyo da ita, an fito da ita a 1995 a Suwidin, kuma ɗaya daga cikin maginanta, Michael Widenius, ya raɗa mata sunan 'yarsa My. A 2008 kamfanin Sun ya saye ta a kan dala biliyan 1, sannan Oracle ya haɗiye Sun ɗin kansa a 2010. Widenius bai natsu da sabon maigidan ba. Tun a 2009 ya kwashi rubutun manhajar, tunda a buɗe yake, ya ci gaba da ita da sunan MariaDB, daga sunan wata 'yar tasa. A watan Maris na 2024 aka maimaita: kamfanin Redis, mai wani rumbun bayanan, ya sauya lasisinsa ya ƙuntata, cikin 'yan kwanaki wasu suka ɗauki tsohon rubutun suka kafa Valkey a ƙarƙashin gidauniyar Linux. Da Redis ya ga jama'a na watsewa, a 2025 ya dawo da buɗaɗɗen lasisi. Shi ya sa idan ɗalibi ya tambaye ni wace zai riƙe don babban aiki, nakan ce PostgreSQL. Ta samo asali a jami'ar Berkeley a 1986 a hannun Michael Stonebraker, kuma har yau babu wani kamfani guda da ya mallake ta, balle a wayi gari an sayar.

Akwai kuma maganar dala. Manhajojin haya da dala ake biyansu, wata-wata. Kafin watan Yuni na 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, a farkon 2024 ta haura 1,500. Mai shagon magani a Jega da ya ɗora lissafinsa a kan manhajar haya, kuɗin hayarsa ya ninka sau uku bai ƙara sayar da ko ƙwaya ɗaya ba.

Kada a ɗauka waɗannan abubuwa na Turai ne kawai. Rahoton wata da ƙananan asibitocin Jega da Maiyama ke haɗawa, yara nawa aka yi wa rigakafi, mata nawa suka zo awo, mutum nawa aka samu da zazzaɓin cizon sauro, yana ƙarewa ne a cikin DHIS2, manhajar da jami'ar Oslo ta Norway ke jagorantar ginawa, wadda Najeriya ta ɗauka don tattara bayanan lafiya. Buɗaɗɗiya ce, kuma PostgreSQL ce a ƙarƙashinta. Ma'aikatan rigakafin shan inna da ke bin gida-gida da waya a hannu sun daɗe suna cike fom da ODK, wadda aka fara a jami'ar Washington a 2008. A cike fom a rugar da babu sabis, wayar ta riƙe, sai an fito bakin titi ta tura. Ɗalibar kwalejin kiwon lafiya ta Jega, ko ta so ko ba ta so, ranar da ta kama aiki za ta haɗu da su.

To ina 'ya'yanmu a cikin wannan? Tun 2006 akwai jami'ar kimiyya da fasaha a Aliero, kuma tazarar da ke tsakanin ajin kwamfuta da kasuwar albasa ba ta kai a hau mota ba. Kayan aikin duk kyauta ne. Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 yana ɗalibi a Finland, tana tashin tsohuwar kwamfutar gwanjo da Windows ta yi wa nauyi. Git, shi ma nasa ne na 2005, yana riƙe tarihin kowane gyara da ka yi wa aikinka, in ka ɓata yau ka koma na jiya. Wanda ma ba shi da kwamfuta, akwai Termux da ake sakawa a wayar Android, a rubuta manhaja da yaren Python a ciki, a buɗe SQLite a gwada. Da wahala, allon ƙarami ne, yatsa na danna harafi biyu a lokaci guda, amma ana koyo. Abin da ke damuna shi ne al'adar manyan makarantunmu gaba ɗaya: ɗalibin ajin ƙarshe ya rubuta manhajar “kula da ɗakin karatu” irin wadda ɗari suka rubuta kafinsa, ya kare ta gaban malamai, a ɗaure takardar da bango mai ruwan zinari, shi ke nan ta mutu a kanta. Alhali ga dillali can yana lasar yatsa.

Ƙananan na'urori kuwa, a nan ƙasar ba kyan hoto ne ma'auninsu ba, batir ne. A watan Afrilu zafi na haura digiri 40, kuma zafi ne babban makashin batirin waya. Wayar da aka bari a gaban mota ko aka jona caji ƙarƙashin kwano da tsakar rana, ba a jimawa bayanta ke kumbura. Fawa bank mai gaskiya, ɗan faifan sola, da ƙaramar na'urar buga rasit irin ta masu POS sun fi wa ɗan kasuwa amfani fiye da sabuwar waya mai kyamara huɗu. Akwai kuma Raspberry Pi, kwamfuta mai girman katin banki da ta fito a 2012 a kan dala 35, wadda wutar da take ci ba ta wuce ta cajar waya ba. Makarantar ƙauye za ta iya ajiye sakamakon ɗalibanta a kai.

Sai dai kyauta ba ta nufin babu ɗawainiya. Yawancin waɗannan manhajoji mutane ƙalilan ne ke riƙe da su, wasu ma a lokacin hutunsu. A watan Maris na 2024 wani injiniya mai aiki a kan PostgreSQL, Andres Freund, ya lura shigarsa wata kwamfuta na jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya tarar an dasa ƙofar sata a cikin wata ƙaramar manhaja mai suna xz. Wanda ya dasa ta ya shafe fiye da shekara biyu yana taimako kamar mutumin kirki har aka amince da shi. Buɗewar ce ta ba shi hanya, ita ce kuma ta tona shi kafin abin ya bazu. Sannan duk wanda ya tara sunaye da lambobin wayar jama'a ya sani amana ya ɗauka, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan mutane a Najeriya.

Wani ɗan ƙanena da ke karatun kwamfuta ya gwada abin nan a hutun da ya wuce. Ya zauna kwana uku kusa da kawunsa na wajen uwa, dillalin albasa, yana kallon yadda yake rubutu, sannan ya haɗa masa 'yar manhaja a waya, da Hausa, maɓalli huɗu kacal: kaya sun shigo, kaya sun fita, bashi, biya. Tsohon ya juya wayar, ya danna sunan wani mutumin Anaca, lissafin wata uku ya fito. Ya yi shiru, sannan ya ce, “To yaro, wanga abu naka, in wayar ta faɗa gulbi fa?”

Tambayar da ta fi kowace muhimmanci ke nan, kuma yaron bai shirya mata ba. Sai da ya koma ya ƙara maɓalli na biyar, wanda ke kwafe fayil ɗin zuwa katin memori. “Kawu, duk Juma'a in kun dawo masallaci ku danna nan, ku cire katin ku ajiye inda kuke ajiye takardun gona.” Kawu ya naɗe katin a ƙyalle ya jefa cikin akwatin ƙarfe. Littafin nan mai baƙin gefe kuwa bai yar ba. Yana nan ƙarƙashin tabarmarsa, kuma duk buhun da aka sauke sai ya fara rubuta shi da biro, sannan ya miƙa wa yaron shago wayar ya shigar.