Bel Ɗin Kafaɗa A Tsohon Jirgi

Mazauna New Bell sun saba da rugugin jirage, tunda filin jirgin Duwala maƙwabcinsu ne. Amma kaɗan ne suka san cewa ƙananan jiragen da, irin su Cessna 172 ta 1956, yawanci bel ɗin ƙugu kawai gare su. In jirgi ya faɗi, ƙugu ya tsaya, goshi kuwa ya daki allon agoguna. Tasin Bépanda ma ta fi su, don nata bel ɗin yana ratsa kafaɗa!

Amurka ta wajabta bel ɗin kafaɗa a kujerun gaba na sababbin ƙananan jirage daga 1978. Tsofaffin kuwa, makanike mai lasisi ke ƙara musu. Jikin ƙashin jirgin yake ɗaure shi, domin kujera takan ɓalle.