Idan Abinci Ya Zama Abin Tsoro: Yadda Likitoci Ke Gane Borin Jini

'Yan'uwa, sau da yawa mukan ji an ce wane ya ci abinci a gidan biki, jikinsa ya yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, numfashi ya sarƙe. Kafin a kai shi asibiti, an riga an fara zargin maƙwabta da guba ko sammu. Alhali kuwa, mai yiwuwa jikinsa ne ya ƙi wani abinci, kamar gyaɗa, ƙwai, madara, kifi, alkama ko riɗi. Wannan shi ne borin jini, mai tsananinsa kuwa yakan yi kisa cikin mintoci.

To, yaya likita yake gane mai laifin? Da fari yakan yi tambaya: me aka ci, kuma bayan minti nawa abin ya tashi? Sa'an nan ya zaɓi gwaji.

Na ɗaya, gwajin fata. Akan ɗiga ruwan abincin da ake zargi a hannu, a ɗan tsaga fatar da tsinin allura, a jira minti 15 zuwa 20. In wurin ya tashi kamar cizon sauro, faɗin milimita 3 ko fiye, alama ta nuna. Amma sai an daina shan irin su Piriton kwanaki kafin nan, domin sukan ɓoye alamar.

Na biyu, gwajin jini. Ana auna wani sinadarin garkuwar jiki mai suna IgE, wanda masana a Amurka da Suwidin suka gano tsakanin 1966 da 1967. Jiki yakan ƙera irinsa dabam domin kowane abincin da ya ɗauka maƙiyi.

Sai dai a lura: ganin IgE a jini ba shi ne ciwo ba. Wani bincike da aka buga a 2013 kan 'yan makaranta a Gana ya sami IgE na gyaɗa a jinin kusan yara 17 cikin ɗari, amma waɗanda gyaɗa ke damunsu ba su kai 2 cikin ɗari ba. Masu binciken sun danganta wannan da tsutsar tsargiya, wadda mu ma muka sani a ƙauyukanmu. Saboda haka kada takardar gwaji kaɗai ta sa a hana yaro ƙuli-ƙuli da kunun gyaɗa, abincin da ke gina jikin ɗan talaka.

Na uku shi ne mai raba gardama: a ba mutum abincin kaɗan-kaɗan a gaban likita, da magani a kusa. Kada kowa ya gwada wannan a gida.

Akwai kuma gwajin tiriftes, wanda ke taimakawa a tabbatar ko borin jini ne ya kayar da mutum. Akan ɗibi jinin cikin 'yan sa'o'in farko, a sake ɗiba bayan sa'a 24 domin kwatantawa.

Amma fa, in maƙogwaro ya fara toshewa ko jiri ya kama mutum, ba lokacin gwaji ba ne, ba kuma lokacin ɗura manja ko madara ba. Allurar adirenalin a cinya ita ce maganin farko. A garzaya asibiti, a faɗa wa likita abin da aka ci da lokacin da aka ci. Mu ceci rai tukuna, mu kuma kame bakinmu daga zargin wanda ya ciyar da mu.