Kati Biyu: Eric Davis na 1985 da Ronald Acuña na 2018

A wasan besbol na Amurka akwai baiwa biyu da ba kasafai suke haɗuwa a jikin mutum ɗaya ba. Akwai mai ƙarfin damtse, wanda in ya maka wa ƙwallo gora sai ta tsallake katangar fili, ya zagaye zangon nan huɗu hankali kwance. Akwai kuma mai ƙafa, wanda ke tsaye a zango ya zuba wa mai jifa ido, da zarar ya ga ya motsa sai ya cika wa rigarsa iska zuwa zango na gaba kafin ƙwallo ta riga shi. Wannan ita ce satar zango. Galibi mai ƙarfi nauyin jiki gare shi, mai gudu kuma ba shi da ƙirji. Shi ya sa har zuwa ƙarshen kakar 2024 mutum shida kacal suka taɓa haɗa bugun tsallake-katanga 40 da sata 40 a kaka ɗaya, daga José Canseco a 1988 zuwa Shohei Ohtani, wanda ya yi 54 da 59.

Masu tara katin 'yan wasa suna matuƙar son irin waɗannan mutane, kuma abin da suka fi nema shi ne katin sabon shiga, wato na farko da kamfani ya buga wa ɗan wasa bayan ya hau babbar gasa. Wanda aljihunsa bai da nauyi dole ya zaɓa: ko ya koma baya ya tsinci na tsofaffi a araha, ko ya ɗan ƙara kuɗi ya sayi na wanda ke fili yau. Na ajiye kati biyu a gabana don auna wannan zaɓi, duka na kamfanin Topps. Ɗaya na Eric Davis ne na Cincinnati Reds, mai lamba 627, na 1985. Ɗayan na Ronald Acuña Jr. ne na Atlanta Braves, mai lamba US250, na 2018.

Tun a hannu za ka ji bambanci. Na Davis kwali ne mai kaushi, da farin baki kewaye da hoton, kusurwoyinsa na saurin dakushewa, sau da yawa ma hoton ya karkata gefe tun daga wurin yanka. Na Acuña sumul yake, yana ƙyalli, hoton ya cika fuskar katin baki da baki, ga tambarin RC da ake sa wa katunan sabbin shiga tun 2006. In a ido ne, sabon ya ci tsohon ba gardama.

Amma ba takarda ake saye ba, mutumin da ke jikinta ake saye. Davis ɗan Los Angeles ne, siriri, yana riƙe gora can ƙasa kusa da kugu kamar wanda bai shirya ba, sai ƙwallo ta iso wuyan hannunsa ya yi aiki. A 1986 ya buga 27 ya saci 80. A 1987 ya buga 37 ya saci 50, kuma cikin wasa 129 kawai daga 162 na kaka. Da jiki ya bar shi ya cika kakar nan, ina ganin shi zai buɗe ƙofar da Canseco ya buɗe shekara guda bayan haka. Lokacin aka shiga kwatanta shi da tsohon gwarzo Willie Mays, mutane suka yi ta sayen katinsa suna ɓoyewa a akwati.

Jiki ne ya ƙi. Bai taɓa wuce wasa 135 a kaka ba, domin ba ya tsoron katanga, ba ya tsoron faɗuwa. A gasar ƙarshe ta 1990, bugunsa na farko a wasan farko ya tsallake katanga a kan mai jifan Oakland, Dave Stewart, Reds suka lallasa Oakland huɗu ba ko ɗaya. A wasa na huɗu ya yi tsalle zai cafe ƙwallo, ya faɗi, ƙodarsa ta tsage. Abokansa na murna, shi yana gadon asibiti. A 1997, yana Baltimore, aka gano kansar hanji a jikinsa, aka yi masa aiki, ya dawo fili kafin kakar ta ƙare. Shekarar da ta biyo ya jera wasa 30 bai fashi bugu mai kyau ba. Ya ajiye gora da bugun tsallake-katanga 282 da sata 349, bai shiga zauren gwarazan da ke Cooperstown ba, kuma wannan ne ya kwantar da farashin katinsa. Ga shi an buga shi da yawa, an adana da yawa. Yau da 'yan daloli za ka same shi.

Acuña, ɗan La Guaira ta Benezuwela, labarinsa bai ƙare ba, kuma nan ne daɗin katinsa yake. Ya ci kyautar gwarzon sabbin shiga a 2018. A 2023 ya buga 41 ya saci 73, abin da ba wanda ya taɓa yi. Mai riƙe da katinsa yana da dalilin tashi da safe ya duba sakamakon daren jiya, kuma wannan jin daɗi ne na gaske da katin Davis ba zai ba ka ba. Sai dai gwiwa ba ta san farashi ba. Jijiyar gwiwarsa ta dama ta tsinke a Yulin 2021, ta hagu ta bi sahu a Mayun 2024. Ɗan wasan da rabin darajarsa ke ƙafa, kullum da fargaba ake riƙe katinsa.

Akwai kuma batun da nake ganin 'yan kasuwa ba su cika faɗa ba. A 2023 aka canja doka: aka faɗaɗa zango daga inci 15 zuwa 18, aka sa wa mai jifa agogo, aka taƙaita sau nawa zai juya ya jefi mai shirin sata. Sata ta yi sauƙi ga kowa. Wannan bai rage wa Acuña komai ba, tunda kowa ya samu dokar amma shi ya kai 73. Duk da haka, 80 ɗin Davis an same ta ne lokacin da mai jifa zai iya juyowa sau goma har ƙafarka ta mutu.

Wajen ƙaranci kuwa lissafin juyawa yake. Kamfanin PSA na duba kati ya ba shi maki daga 1 zuwa 10 ya rufe shi a roba. Katin Acuña tun daga leda ake zura shi a kariya, don haka masu maki 10 dubbai ne, kuma farashinsu ya yi tashin gwauron zabo a 2020 da 2021 sannan ya sauko. Katin 1985 yara ne suka riƙe shi, wasu har da ɗaurin roba, samun mai tsabta sosai aiki ne. Wanda ke jin daɗin farauta, a nan farautar take.

Da kuɗin kati ɗaya ne a hannuna, na Davis zan ɗauka, in zaɓi wanda hotonsa ya zauna daidai tsakiya, ba sai mai robar PSA ba. Na san abin da nake saye: ba wani rauni da zai zo ya canja shi, kuma canjin da ya rage zai isa in ƙara na Barry Bonds na 1987, mai baki kalar katako. Na Acuña zan jira shi zuwa lokacin sanyi, sa'ad da aka rufe fili, kasuwa ta lafa.

Lokacin da aka buga wancan kati mai lamba 627, Davis wasa 57 kawai ya yi a babbar gasa, duka a 1984. Cikinsu ya tsallakar da ƙwallo katanga sau 10, ya saci zango sau 10.