Jiki Ya Saki Ƙwaya, Zuciya Ba Ta Saki Ba

Wani dattijo da muke sallah tare a Gyaɗi-Gyaɗi ya tare ni bayan Magariba, ya ce: "Malam, sau uku ina kai yaron nan a raba shi da tiramadol, sau uku yana komawa. Anya ba sammu aka yi masa ba?" Na ce: "Baba, ka taɓa tambayarsa abin da ƙwayar take yi masa?" Ya yi shiru, can ya ce bai taɓa ba. A ganina, rashin yin wannan tambaya na daga cikin dalilan da suka sa yaƙinmu da shaye-shaye yake tafiyar hawainiya.

Girman matsalar ba ɓoyayye ba ne. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, wanda aka fitar a 2019, ya ƙiyasta cewa 'yan Nijeriya miliyan 4.6 suna shan magunguna dangin tiramadol da kodin ba bisa ƙa'ida ba. A watan Mayun 2018, bayan rahoton BBC da ya nuna halin da matasan Kano ke ciki, Gwamnatin Tarayya ta haramta sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin. Matakin ya yi daidai. Sai dai doka kwalba take iya kamawa, ba ta kama begen abin da ke cikinta.

Kamun waɗannan ƙwayoyi iri biyu ne. Na farko kamun jiki: idan aka daina, sai zufa da gudawa da ciwon gaɓoɓi da rashin barci su taso, kuma galibi sukan lafa cikin kwana 4 zuwa 10. Na biyu shaƙuwar zuciya, wadda kan ɗauki watanni ko shekaru. Ga ɗan a-daidaita-sahun da ke wuni a kan Titin Zariya, ƙwayar ce ƙarfinsa. Ga matar da kishi da kaɗaici suka dama, ita ce abokiyar hira. Ga ɗalibin da ya gama karatu babu aiki, ita ce mai rufe masa ido daga gobe. Wanda aka ce ya bar ta, ji yake kamar an ce ya binne amininsa. Sabo turken wawa, in ji Bahaushe, amma wannan turke yakan ɗaure har mai wayo.

A farkon shekarun 1980, masana halayyar ɗan'adam biyu a Amurka, James Prochaska da Carlo DiClemente, sun nuna cewa barin ɗabi'a mataki-mataki ne: akwai wanda bai ga aibinta ba, da mai zuciya biyu, da mai shiri, da wanda ya fara, da mai riƙon abin da ya samu. Kuskurenmu shi ne ɗaukar na matakin farko mu ɗaure shi a gidan mari, mu zaci ya kai na ƙarshe. Haɗarin kuwa babba ne, domin wanda aka tsare makonni juriyar jikinsa ta ragu; idan ya koma adadin da ya saba, numfashinsa na iya tsayawa.

Wannan ba ya nufin a naɗe hannu ana jiran ranar da zai shirya. Shiri abu ne da ake rainonsa. A zauna da shi ba tare da gori ba, a ji abin da yake gudu, a bar shi ya faɗi da bakinsa abin da ƙwayar ta ci masa. Sannan a nemi ƙwararru. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano yana nan kusa da mu, da sashensa na lafiyar ƙwaƙwalwa, ga kuma asibitin Dawanau. Bayan magani, dole a cike gurbin da ƙwayar ta bari da sana'a, da majalisa tagari, da gidan da zai karɓe shi ko ya sake tuntuɓe.

Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Dattijon ya ce mini zai yi wa ɗansa tambayar a daren nan. Allah Ya ba shi haƙurin sauraron amsar.