Inuwar Na'urar da Ba Mu Taɓa Riƙewa Ba

Duk wanda ya yi zaman jiran a buga masa aikin makaranta a shagunan kwamfuta na Samaru, a shekarun da Windows XP ke tashe, zai tuna wannan wasan. Allo ne mai duhu da 'yan fitilu, da ƙaramar ƙwallo guda, da fikafikai biyu a ƙasa da ake kaɗawa don kada ƙwallon ta zurma rami. Mai shago na fita neman canji, ɗalibi zai gyara zama ya ɗora yatsa a kan harafin Z. Sunan wasan 3D Pinball Space Cadet. Kamfanin Cinematronics ne ya tsara shi a 1995, Microsoft ya riƙa haɗa shi da Windows har zuwa XP.

Da yawanmu mun ɗauka a cikin kwamfuta aka haife shi. Ashe inuwa muka fara gani kafin mu san mai inuwar.

Asalin abin tebur ne na katako mai ƙafa huɗu, an rufe shi da gilashi, an ɗan karkata shi don ƙwallon ƙarfe ta riƙa gangarowa wajen mai wasa. Ƙwallon kamar ta cikin boris take, sai dai ta fi girma, faɗinta kusan milimita 27. A 1931 David Gottlieb ya fitar da Baffle Ball a birnin Chicago na Amurka, katako ne kawai da ƙusoshi, bai wuce irin wanda muke kafawa muna yara ba. A 1933 Harry Williams ya sa wa nasa, mai suna Contact, wutar batir. Fikafikan nan kuwa sai a 1947 suka bayyana, a teburin Humpty Dumpty na kamfanin Gottlieb. Kafin su, mai wasa harba ƙwallo kawai yake yi ya zuba ido, shi ya sa hukuma ta lissafa abin cikin caca. Birnin New York ya haramta shi a 1942, bai janye ba sai a 1976, bayan wani ɗan wasa mai suna Roger Sharpe ya buga a gaban majalisar birnin ya nuna cewa ƙwarewa ce.

Daga kan Humpty Dumpty zuwa wajen 1977, babu ko ɗigon kwamfuta a cikin akasarin waɗannan tebura. Wuta ce da ƙarfe. Wanda ya ɗaga murfin zai ga abin da kowane mai gyaran wutar mota a Sabon Gari ya sani kamar yunwar cikinsa: rile jere-jere, da naɗin wayar tagulla wanda ke zama maganaɗisu ya fizgi sandar ƙarfe da zarar wuta ta ratsa shi. Shi ne dai abin da ke yin "ƙas" a kik ɗin mota idan an murɗa makulli. Shi ke ɗaga fiffike, shi ke ture ƙwallo, shi ke juya fayafayan lamba masu nuna maki, irin lambobin tsohuwar mitar NEPA.

Yadda na'urar ke lissafi shi ya fi ɗaukar hankalina. Ba ta iya ƙara maki 500 a tashi ɗaya. Akwai wata 'yar mota a ciki mai juya fayafayai masu haƙora, kowane haƙori ya taɓa makunni sau ɗaya, faifan ɗaruruwa ya matsa gaba taki ɗaya, sandar ƙararrawa ta yi ƙara ɗaya. Sau biyar ke nan, kana ji da kunnenka: tin, tin, tin, tin, tin. Idan ƙwallon ta sake bugun wani wuri alhali motar ba ta gama juyinta ba, makin na iya salwanta, don na'urar hannunta a cike yake. A ƙasa kuma an rataye wani ƙarfe mai nauyi a tsakiyar zobe, kamar igiyar da magini ke gwada miƙewar bango. Ka girgiza teburin fiye da kima, ƙarfen ya taɓa zoben, wuta ta ɗauke daga fikafikai, ƙwallonka ta tafi.

A ganina wannan ne sirrin da ya sa yau, duk da wasanni masu hotuna kamar fim sun cika wayoyi, ake samun masu komawa ga kwaikwayon waɗannan tsofaffin tebura a kwamfuta. Babu abin da ke ɓoye. Dokokin wasan kaɗan ne, a minti ɗaya ka gane su, kuma duk makin da ka samu ka ji ƙarfen da ya motsa ya ba ka shi. Idan ka faɗi, ka san a hannunka ka faɗi.

Kwaikwayon nasu ba ƙaramin aiki ba ne. Teburan da suka zo daga baya suna da manhaja a cikinsu, ana kwafe ta a ɗora a kan wani tsari mai suna PinMAME ta ci gaba da aiki. Tsofaffin ba su da abin kwafa, tunaninsu a jikin wayoyi yake. Masu amfani da manhajar Visual Pinball, wadda Randy Davis ya fitar a 2000, sai sun shimfiɗa taswirar wayoyin sun bi ta rile bayan rile, su rubuta abin da kowanne ke yi, har da jinkirin motar nan da makin da ke salwanta. Sukan naɗi ƙarar ƙarfen daga tebur na gaske. Wato har gazawar na'urar ake kwaikwaya, don in an cire ta, ɗanɗanon ya tafi.

Sai ita kanta ƙwallon. Kwamfuta ba ta san gangara ba. Lissafa inda ƙwallo take take yi, ta sake lissafawa, sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, tana duba ko ta ci karo da wani abu. Lissafin ya ɗan goce, ƙwallo ta ratsa bango kamar iska. Raymond Chen, injiniya a Microsoft, ya bayyana cewa irin wannan matsalar ce ta kama Space Cadet sa'ad da aka zo mayar da shi sabon tsarin Windows, aka rasa lokacin gano bakin zarenta, aka ajiye shi. A Windows Vista ba a gan shi ba.

Abin da ke damuna a gida yake. Jami'ar Ahmadu Bello, tun kafa ta a 1962, tana yaye injiniyoyin lantarki a Samaru, kuma ɗalibin yau kan fara haɗa da'irarsa a kan allon kwamfuta. Hakan na da amfani, ba ya ƙona komai. Amma wanda ya san warin naɗin waya idan ya ƙone, wanda ke kara kunne ya ce wannan rile ɗin bakinsa ya ci wuta, yana 'yan kilomitoci kaɗan daga nan, a rumfarsa ta Sabon Gari. Na taɓa nuna wa wani mai naɗin fanka hoton cikin irin wannan tebur a wayata. Ya karɓa ya ƙura ido, ya ja hoton da yatsu biyu ya ƙara masa girma, ya bi wata jar waya har inda ta ƙare. Sannan ya ɗago ya ce, "Malam, wannan ai in an kawo mini zan tashe shi."