Daga Ɗakin Kati Matsalar Take Farawa

Duk ƙarshen wata, a asibitocin da ke karɓar masu inshorar lafiya, akwai ma'aikacin da ransa ke ɓaci fiye da na kowa, wato mai tura takardun neman biya. Ya kwana uku yana shigar da bayanan marasa lafiya, ya tura wa kamfanin da ke kula da inshorar, sai ga wani kaso ya dawo da jan rubutu. Nan take kowa sai ya ɗora wa kwamfuta ko rashin sabis laifi. Ni kuwa a ganina na'urar ba ta cika yin laifi ba. Abin da aka ba ta shi take riƙewa, kuma tun ranar da aka yanki kati aka ba ta.

A tsarin inshorar lafiya da Najeriya ta fara aiki da shi a 2005, wanda dokar 2022 ta sabunta ta kafa hukumar NHIA, kuɗi iri biyu asibiti ke samu. Na ƙananan cututtuka ana biyansa ne kan adadin mutanen da suka yi rajista da asibitin, sun zo ko ba su zo ba. Manyan ayyuka kuwa, irin su tiyata da ganin ƙwararren likita, sai an yi an rubuta an nema. A nan rigimar take.

Mu fara da suna, domin a ƙasar Hausa shi ne babban rami. Mutum ɗaya a katin ɗan ƙasa Muhammad ne, a rajistar inshora Mohammed, ya zo gaban mai kati ya ce Mamman. A'isha ta zama Aishatu a wata takardar, wani lokacin ma ɗan waƙafin da ke tsakiyar sunan ne manhajar ta ƙi karɓa. Ga matar da ta yi rajista da sunan mahaifinta, ta zo haihuwa da sunan mijinta. Ga waɗanda ba su riƙe ranar haihuwarsu ba, kowane ofishi ya rubuta musu tasa. Mai kati ya san mutumin, ya san gidansu, har ya tambaye shi jikin tsohuwa. Kwamfutar kamfani kuwa harufa kawai take gwamawa. Maganin wannan ba shi da tsada: kada a rubuta suna daga baki. A karɓi katin inshorar a kwafe shi harafi bayan harafi, a duba lambar rajista sau biyu, sannan a tabbatar sunan na cikin jerin da aka turo wa asibitin na wannan watan.

Akwai kuma abin da ya shafi gidajenmu kai tsaye. Tsarin ma'aikatan gwamnatin tarayya ya ƙunshi ma'aikaci da matarsa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18. Sai magidanci mai mata biyu ya kawo amarya da katin uwargida, ko ya kawo ɗan ƙaninsa da sunan 'yarsa. Mai kati ya ji nauyi ya kau da kai. Wata ɗaya bayan nan a ga yaro namiji a kan lambar yarinya, takarda ta dawo.

Na biyu shi ne lambar izini. Kafin a yi babban aiki sai an nemi kamfani ya bayar da ita, sai dai in halin gaggawa ne, inda ake ceton rai tukuna a nemi lambar daga baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne a karɓi izinin aiki guda a yi biyu, ko a karɓi lambar ta waya a rubuta a bayan hannu ta goge.

Sai rashin jituwa tsakanin cuta da magani. Kowace cuta tana da lambarta a kundin Hukumar Lafiya ta Duniya. Zazzaɓin cizon sauro, alal misali, yana tsakanin B50 da B54 a bugu na goma. Idan likita ya rubuta maleriya kaɗai, a jerin magani kuma aka ga na taifot, mai tantancewa zai soke shi, domin ba a nuna masa dalili ba. Haka in an rubuta sunan kasuwa na magani maimakon sunansa na asali da ke jerin hukuma. Rubutun likitoci kuwa, Allah dai ya kyauta.

Idan takarda ta dawo, kada a yi saurin sake tura ta. A karanta dalilin da aka rubuta, a ɗauko fayil a gwada. In sabis ne ya yanke ana tsakiyar turawa, a duba ko ta shiga, domin turawa biyu kamfani na iya ɗaukarta neman biya biyu. A buɗe littafi guda ana rubuta kowane kuskure da wanda ya gyara shi. Kafin wata uku za a ga abubuwa kaɗan ne ke ta maimaituwa. Kuma don Allah a daina ɗaukar hoton fayil ana yawo da shi a WhatsApp, sirrin mara lafiya amana ne, akwai ma dokar kare bayanai ta 2023.

Kai kuma mai inshora, asibitin da kuɗinsa ya maƙale shi ne zai ce maka gobe babu magani, ka je kemis. Ka riƙa zuwa da katinka, ka tsaya a rubuta sunanka a gabanka, in an yi kuskure ka ce a gyara tun kafin ka shiga wajen likita.